Mai gidan hayarmu a Gwanzu ta ce na ɓata mata feng shui, wai me na yi ba daidai ba?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Chaina ku zo ku fitar da ni daga duhu, don wallahi tun jiya abin nan yake cina a rai.

Wata biyar kenan da na biyo maigidana Gwanzu, shi harkar turo takalma da jakunkuna yake yi, muna zaune a wani filat mai ɗaki biyu da falo can ɓangaren Baiyun, hawa na 14. Mai gidan wata dattijuwa ce, Ayi muke ce mata kamar yadda ake ce wa mata sa'anninta a nan, kuma tsakani da Allah ba ta da matsala, ranar da na iso har lemo da ganyen shayi ta kawo min. To famfon kicin ɗinmu ya fi wata guda yana ɗiga, ɗis ɗis dare da rana, na tara masa roba ina ban ruwan fulawa da abin da ya taru, Abban Ilham kullum sai ya ce gobe zai kira mai gyara, goben nan ba ta zo ba har jiya ita Ayin ta zo da kanta da mai gyara.

Tana shigowa ta ƙame a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Akwai wani dogon kabad da muka tarar a tsaye daga shiga, kana buɗe ƙofa shi za ka fara cin karo da shi, ya tare falon gaba ɗaya, ni kuwa ina zuwa na sa aka ja shi aka jingina da bango don falon ya yi faɗi, yanzu daga ƙofar shigowa kana hango baranda tar har waje, iska na ratsawa abinta. Shi ta fara nunawa tana aiya aiya. Ta leƙa ɗakin kwana ta ga na juya gadon na kai kansa ƙarƙashin taga saboda zafi, ƙafafu suna kallon ƙofa, ga babban madubin kwalliyata yana fuskantar gadon, nan fa ta riƙe kai. Ɗaya ɗakin kuwa ba a magana, kwalayen samfur ne na Abban Ilham har silin, ko tagar ba a iya kaiwa gare ta. Har wata 'yar fulawa mai ƙaya da na saya na ajiye a teburin falo sai da ta harare ta.

Ta yi ta zuba da sauri, ni kuma yaren nasu ban wuce gaisuwa da ciniki ba, sai ta ɗauko waya tana faɗa wayar tana fassara min. Abin da na iya tsinta shi ne feng shui ba kyau, kuɗi suna zubewa, ƙafa ba ta kallon ƙofa. Har da cewa ɗanta zai yi aure baɗi kuma nan zai tare da amaryarsa, ba ta so gidan ya lalace. Ni dai ban ga abin da ya lalace ba, ko ƙusa ɗaya ban buga a bango ba.

Tambayata, su wane irin kurakurai ne suke gudu a cikin gida haka? Difozit ɗinmu na wata biyu yana hannunta, za ta iya riƙewa a kan wannan? Sannan wanda ya fi damuna, in na mayar da kayan yadda take so, ban faɗa shirka ba kuwa? Abban Ilham dariya kawai yake min wai in rabu da ita.

Ɗan Kwari

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da zuwa Gwanzu, yanzu kika iso hhh. Ni tun 2009 nake zirga-zirga a garin nan, na sauya gida ya kai sau shida, kuma babu mai gidan da bai yi min irin wannan wa'azin ba. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika yi kusan duk wani baƙo yana yinsa, sai dai ke kin haɗa su duka a gida ɗaya ne, shi ya sa Ayi ta riƙe kai.

Feng shui al'adarsu ce ta tsara gida da kayan cikinsa. Su a wajensu akwai wani abu da suke kira qi, ana furta shi ci, amma ba ci na tuwo ba, wani ƙarfi ne ko numfashi da suka ce yana yawo a gida kamar iska, arziki da lafiya suna biye da shi. Ana so ya shigo ta ƙofa ya zagaya gida a hankali, kar ya wuce fiu kuma kar ya tsaya ya ruɓe. In kin riƙe wannan kin gane rabin faɗan Ayi. Kabad ɗin nan da kika ja ba don ado aka tsayar da shi a wurin ba, da gangan ne, saboda ƙofar shigowa da ta baranda suna kan layi ɗaya, su kuma suna kiran wannan chuan tang sha, wato abin ya shigo ta gaba ya fice ta baya bai zauna ba, kuɗi su shigo su fita. Duk gidan da kika shiga na ɗan Chaina mai kula da abin, za ki ga an tare bakin ƙofa da kabad ko allon katako ko tankin kifi. To ke kin cire mata madatsar ruwa kenan.

Famfo kuma ai wannan ne ya fi yi mata ciwo na tabbata. Ruwa a wajensu dukiya ne, famfo mai ɗiga suna ce masa lou cai, yoyon arziki. Wata guda cur arzikin ɗanta yana ɗiga cikin roba kina ban ruwan fulawa da shi, ki ce ba za ta yi aiya ba?

Gado: ƙafa a saitin ƙofa kwanciyar gawa ce a wurinsu, don da ƙafa ake fara fitar da mamaci daga ɗaki. Kan gado ana so ya jingina da bango mai ƙarfi, ba taga ba, ba kuma bangon da bayi yake bayansa ba, kuma in kina kwance ki iya ganin ƙofa ba tare da kin yi saiti da ita ba. Madubi ya kalli gado kuwa wannan ko yaron Chaina ya san ba a yi, wasu su ce yana firgita ruhin mai barci, wasu su ce yana jawo mutum na uku cikin aure. Wannan na biyun ki ajiye shi a ranki ko zai sa ki matsar da madubin da wuri hhh. Ki ɗaga kai kuma ki duba silin, in akwai bim ɗin kankare da ya gitta kamar azara, ba sa son gado ko kujerar zama ko murhu a ƙarƙashinsa, sun ce yana danne mutum.

A kicin ba sa son murhu ya manne da wajen wanke-wanke ko su fuskanci juna, ruwa da wuta ba sa shiri, wai yana kawo rigima tsakanin mata da miji. Ƙofar bayi a rufe, murfin masai a rufe. Agogon da ya tsaya a bango, busasshiyar fulawa, fasasshen madubi, tulin takalma a bakin ƙofa, duk suna cikin abin da ke ɓata musu rai. Kwalayen maigidanki su ne qi da ya tsaya ya ruɓe.

Kar ki ɗauka abin tsofaffi ne kawai. Ki tsallaka Hong Kong ki ga manyan bankuna suna faɗa da gini. Dogon benen Bank of China da aka buɗe a 1990 yana da kusurwoyi masu kaifi kamar wuƙa, mutanen gari suka ce yana yankan maƙwabta, har yau in kika tambayi direban tasi zai nuna miki wasu ƙarafa biyu a kan rufin ginin HSBC masu kama da igwa ya ce an saita su ne don ramuwa, alhali injinan goge gilashi ne. Disneyland ta Hong Kong ma kafin a buɗe ta a 2005 sai da aka karkata ƙofar shiga da digiri 12 bisa shawarar masu wannan harka. To in masu biliyoyi suna haka, ina ga Ayi da filat ɗinta ɗaya tilo da ta tanadar wa ɗanta.

Af, hawa na 14 kika ce ko? Ki tambayi Abban Ilham ko hayar ta ɗan yi sauƙi. Huɗu a yarensu tana kama da kalmar mutuwa, ɗaya da huɗu in an jera su ana iya karantawa yao si, kamar a ce za a mutu. Wasu benayen ma in kika shiga lif ba za ki ga 4 ko 14 ba sam. Mu kuwa gaba ta kai mu, na taɓa zama hawa na 4 shekara biyu lafiya ƙalau da ragi mai kyau.

Maganar difozit, ki duba takardar yarjejeniya, ɓarna ake cire wa kuɗi, matsar da kabad ba ɓarna ba ce. Amma shawarata kar ki ja da ita. Baƙo a garin nan yana buƙatar mai gida fiye da yadda kike zato, ko rajistar wurin zama a ofishin 'yan sanda sai da takardunta, kuma ba kowane mai gida ne yake yarda ya ba baƙar fata haya ba, wanda ya zauna unguwar Xiaobei ko Sanyuanli ya san me nake nufi. Kin samu wadda take kawo miki lemo, ki riƙe ta.

Abu Maryam

Assalamu alaikum. Alhaji Ɗan Kwari ya yi bayani mai kyau amma ya tsallake tambayar da ta fi muhimmanci. 'Yar uwa, tsoron da kika ji alamar imani ce, Allah ya ƙara. Arziki da lafiya da zaman aure duk a hannun Allah suke, kabad ba ya tare kuɗi, madubi ba ya kawo kishiya, lamba 4 ba ta kashe kowa. Annabi SAW ya hana camfi, hadisin la ɗiyarata sananne ne. Duk wanda ya matsar da gado yana ƙudurta cewa hakan zai tunkuɗe masa sharri ko ya jawo masa arziki ya shiga hatsari babba.

Amma aiki yana tare da niyya. Gidan nata ne, kabad ɗin nata ne, ta ce a mayar mata da shi inda ta ajiye, kin mayar don haƙƙin mai gida da zaman lafiya, ban ga laifi a nan ba, wallahu a'alam. Inda za ki tsaya ki ce a'a shi ne in ta kawo wani abu ta ce a rataya ko a ajiye don kariya, irin madubin nan mai kusurwa takwas, ko gunkin kwaɗo mai kuɗi a baki, ko tsabar kuɗi da aka ɗaure da jan zare. Wannan laya ce ko da wane suna aka kira ta. Ki ce mata cikin ladabi ku musulmi ne, sun san musulmi sarai, masallacin Huaisheng yana cikin garin nan tun kafin kakannin kakanninta. Kuma in da hali ki ƙara tambayar malamin da kika amince da iliminsa, ni ɗalibi ne.

Sadiq Mai Zane

Anti Maman Ilham sannu da haƙuri. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Nanjin, shekarata ta huɗu, kuma an ɗan koyar da mu abin nan ta fuskar tarihin gini, bari in ƙara kaɗan a kan na Alhaji.

Sunan kansa ba wani abin tsoro ba ne, feng iska, shui ruwa, ana furtawa kamar fang shwei. Tsohon littafin da ake yawan jingina sunan gare shi ma a kan zaɓen wurin kabari yake, ana danganta shi ga wani malami Guo Pu da ya rasu a shekarar 324, a ciki ne aka ce iska tana tarwatsa qi ruwa kuma yana tsayar da shi. Asalin abin neman wurin zama ne: tudu a bayanka, ruwa a gabanka, gida ya kalli kudu. Wanda ya yi hunturu ɗaya a arewacin Chaina ba sai an yi masa bayani ba, iskar da ke busowa daga arewa tana yanka kamar reza, rana kuma ta kudu take leƙowa, to wa zai buɗe ƙofarsa arewa? Fadar sarakuna ta Beijin da aka gama a 1420 haka take, tana kallon kudu, ga rafi an ja shi ta gabanta, ga tudun Jingshan a bayanta wanda da ƙasar da aka haƙo daga ganuwar ruwa aka tara shi. Gwanzu ɗin da kike ma haka ta zauna, dutsen Baiyun ta arewa, kogin Zhujiang ta kudu. Tsofaffin gidajensu masu tsakar gida kuma daga shiga akwai wata 'yar katanga da ake kira yingbi, tana tare ido kar na waje ya hango cikin gida, su suna cewa tana tare miyagun iskoki don wai a miƙe kawai suke tafiya ba sa iya kwana. Ranar da na fara ganinta zauren gidan kakana ne ya faɗo min, ba ka taɓa tsayawa a ƙofar gida ka hango tsakar gida kai tsaye. Kabad ɗin Ayi jikan wannan katangar ne.

Saboda haka ni a ganina wasu daga cikin abubuwan da ta yi faɗa a kai hankali ne tsagwaronsa aka sa masa rigar camfi. Na fi damuwa da gadon nan. Anti hawa na 14 kuke, kin kai gado ƙarƙashin taga, Ilham kuma na ji kamar ƙarama ce. Gado a gindin taga tsani ne ga yaro. Ko Ayi ba ta ce komai ba ki janye shi yau ɗin nan, kar ki jira gobe irin ta mai gyaran famfo. Ga kuma ruwan guguwar teku lokacin zafi, in ya zo da iska ta gefen taga yake tsiyayowa kan filo.

Kwalayen ma haka. Wata biyar kika yi, ina jin ba ki ga huinantian ba tukuna. Wajen watan Maris zuwa Afrilu iska mai ɗumi da laima takan taso daga teku ta tarar da bango da tayil sun yi sanyi, sai ki ga bango yana gumi, madubi ya yi hazo, ƙasa kamar an watsa ruwa, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba. Ɗakin da aka cika da kwali har silin ba iska, jakunkunan fata ne kuma a ciki, wallahi fumfuna za ta yi biki. A ɗaga su daga ƙasa a kan katako, a bar tazara da bango, a buɗe hanyar taga. A kwanakin laimar kuma rufe tagogi ake yi musamman na kudu, ba buɗewa ba.

Inda ban yarda da su ba shi ne maganar ƙofa da baranda. A gari mai zafi da laima irin Gwanzu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can ni'ima ce, mu a aji nema ake koya mana mu yi. Illarta kawai a saman bene iskar tana da ƙarfi, ƙofa takan bugo da kanta ta datse yatsan yaro, sai kuma duk wanda ya wuce a koridon ya hango ki a falo ba mayafi. To kabad ɗin yana maganin waɗannan biyun, iska kuma za ta zagaye shi ta wuce. Ba ki yi asara ba.

Sauran kuwa, irin wanda malamin feng shui zai zo da kamfas ɗinsu luopan mai zobba-zobba, ya raba gida kusurwa 24 kowace digiri 15, ya tambayi shekarar haihuwarki da shekarar da aka gina gidan, ya lissafa itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa wanne ke ciyar da wanne wanne ke kashe wanne, ya ce taurari masu tashi sun sauya tunda an shiga zango na 9 a watan Fabrairun 2024 kuma zai kai shekara 20, wannan kam bugun ƙasa ne da kamfas, maganar Malam Abu Maryam ta hau kansa daidai. Su kansu ba duka suka yarda ba. Gwamnati ta yaƙi abin sosai lokacin juyin al'adu daga 1966 zuwa 1976, a Hong Kong da Taiwan ya samu mafaka, kuma mutanen Guangdong, lardin da Gwanzu take, da ke maƙwabtaka da Hong Kong sun fi riƙe shi. Abokan karatuna da yawa dariya suke yi, amma in za su kama haya sai sun tura wa mamansu hoto.

Kuskure ɗaya da nake ganin mutanenmu suna yi, kar ki je YouTube ki kwaso na Turawa ki ce za ki burge Ayi da shi. Yawancin abin da ke can, irin su kusurwar hagu ta can ciki ita ce kusurwar arziki a sa mata fulawa, daga tsarin wani malami Lin Yun ya fito wanda ya yaɗa shi a Kalifoniya wajen shekarun 1980, shi daga ƙofa yake auna komai ba ruwansa da kamfas. Na gargajiya ba su ɗauke shi da daraja ba. Ki tambaye ta kawai yadda kayan suke da, ya fi sauƙi.

Hajiyan Yiwu

Maman Ilham ƙanwata ke naki mai sauƙi ne tunda a cikin gida ya tsaya. Ni nawa har waje ya fita.

Shekarar da na fara zama garin Yiwu na sayi samfur ɗin madubai manya guda uku a kasuwar Futian, irin na tsaye ɗin nan da amare suke so, kafin a loda kwantena ba ni da wajen ajiya sai na jingina su a baranda fuskarsu tana kallon waje. Ashe saitin tagar wasu mutane ne a benen da ke fuskantarmu. Kwana biyu sai ga ƙwanƙwasa ƙofa, mata da miji da wani daga ofishin masu kula da gidajen, matar fuska a murtuke tana nuna baranda tana faɗa kamar na kashe mata ɗa. Yarinyar da take min tafinta a kasuwa na kira a waya, ita ta warware min: wanda ya saita madubi ga gidan wani kamar ya tattara sharrin gidansa ne ya tura musu, kuma wai tun da na ajiye tsohuwarsu ba ta barci. Ni kuwa wallahi ko sanin akwai mutane a tagar ban yi ba. Na ba da haƙuri, na juya madubin suka kalli bango, na lulluɓe da zanin gado, washegari na aika musu da dabino. Har na bar unguwar matar nan gaisuwa sama-sama take min.

Kuma in an cire camfin, da rana madubi uku suna haska wa mutum ɗaki ai ko ni ce sai na yi magana.

To ki kiyaye duk abin da zai kalli maƙwabta, madubi, wuƙa ko almakashi a rataye a taga, tsinin wani abu. In kuma kika ga maƙwabcin da ƙofarsa take kallon taku ya rataya ɗan madubi mai kusurwa takwas a saman ƙofarsa kar ki tsorata, ƙofa ta kalli ƙofa ma ba sa so, ki yi addu'arki ki wuce. Sannan tunda Ayi za ta aurar da ɗa, in za ki kai gudummawa ko da wasa kar ki kai agogon bango, ba da agogo a yarensu sautinsa ɗaya da raka gawa. Kuɗi a jan ambulan ya wadatar, ki guji huɗu a cikin adadin, in da takwas a ciki har rungumarki za ta yi.

Maman Ilham

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Sadiq wallahi maganarka ta tayar min da tsigar jiki, shekarar Ilham biyu da wata huɗu kuma hawa take kamar biri, ko shekaranjiya na same ta tsaye kan filo tana leƙen motoci ina ta mata dariya, sam hankalina bai kai can ba. Ina gama karantawa ban jira kowa ba na ja gadon ni kaɗai har bayana yana ciwo yanzu. Ya koma jikin bangon da yake da, na duba silin kuma babu bim a saitinsa.

Malam Abu Maryam na gode, hankalina ya kwanta, niyyata haƙƙin mai gida da lafiyar 'yata. Kabad ya koma bakin ƙofa, daren jiya Abban Ilham ya shigo a gajiye bai san an mayar ba ya yi karo da shi, ya ce to ga feng shui nan ya fara aiki a kan ɗan yatsansa. Madubin ne ya ba ni wahala don ɗakin ƙarami ne duk inda na juya shi sai ya hango gado, ƙarshe na kai shi bayan ƙofa, in an buɗe ta rufe shi. Kwalaye kuwa ana nan ana fama, ya ce sai bayan baje kolin Canton Fair zai rage, amma da na karanta masa maganar fumfuna a kan jakunkunan fata na ga ya yi shiru ya shiga ɗakin yana shinshina kwali.

Na ɗauki hoto na tura wa Ayi ta WeChat, ta turo min babban yatsa har guda shida, da yamma kuma sai ga ta da wata shuka a cikin kwalbar ruwa, kamar gora siririya kore shar an ɗaure da jan zare, ta ce sunanta fu gui zhu, ta ɗauke mai ƙayar ta kai baranda ta ajiye wannan a gurbinta. Yanzu ita kuma ya zan yi da ita? Fulawa ce ko laya?

Sadiq Mai Zane

Hhh Anti wannan ba gora ba ce ma, kama kawai ta yi, kuma abin dariyar asalinta daga Afirka ta tsakiya ne, wajen su Kamaru, 'yar gida ce ta riga ki zuwa Chaina. Ki kwance jan zaren in ya tsaya miki a rai, ki riƙa sauya mata ruwa duk sati, kar ki sa ta a rana kai tsaye ganyen zai yi rawaya. Ki ɗora ta can saman kabad ɗin inda hannun Ilham ba zai kai ba, don yara suna son tauna ganyen.